Man Seme: tsakanin ruwan teku da kuɗin ruwa

Ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram da Tawa, waɗanda suka yi shekara da shekaru suna sauke hajarsu a tashar jiragen ruwa ta Kwatano kafin a rufe iyaka a 2023, sun san hanyar kwalta da ta bi bakin teku ta nufi gabas zuwa iyakar Najeriya. A kan wannan hanya ce gundumar Seme take. Sunanta ya shiga kunnen ƴan Nijar tun daga watan Mayu na 2024, sa'ad da jirgin farko ya yi lodin ɗanyen man Agadem a can, bayan man ya yi tafiyar kusan kilomita 2,000 cikin bututu.

Amma tun kafin a sayar da ko ganga guda ta man Agadem, ƙasar Benin ta taɓa shiga sahun masu fitar da mai, daga wasu ƴan rijiyoyi da ke cikin teku, kimanin kilomita 15 daga gaɓar Seme ɗin nan. An yi shekara 16 ana ɗibar man, daga 1982 zuwa 1998, aka samu ganga kimanin miliyan 22, sa'an nan aka rufe rijiyoyin. Ganga ɗaya a ma'aunin masu wannan sana'a lita 159 ce, watau ba ta cika tanon ƙarfe mai cin lita 200 ba. Abin da Seme ta bayar a tsawon shekarun nan 16, Najeriya ta wancan zamani tana fitar da shi cikin kwana 11 kacal. Labarin Seme labarin ƙaramin mai haƙa ne a cikin teku, wanda ɗawainiyarsa irin ta manya ce, cinikinsa na ƙanana, jarinsa kuwa na aro.

An gano, an bari

Kamfanin Union Oil na jihar Kalifoniya ta Amurka shi ne ya gano man Seme a 1968, lokacin ƙasar tana amsa sunan Dahome. A wannan zamani gangar mai ba ta kai dola 2 ba a kasuwar duniya. Kamfanin ya ƙara haƙa wasu rijiyoyi don ya san iyakar abin da ke ƙasa, ya yi lissafinsa, ya ga guzurin bai kai tafiyar ba, daga bisani ya tattara kayansa ya bar wurin.

Wannan shi ne darasi na farko a sha'anin mai: samun mai a ƙarƙashin ƙasa daban, samun man da zai biya kuɗin tono shi daban. Babban kamfani mai rijiyoyi a ƙasashe da yawa ba ya ɗaure injiniyoyinsa da jarinsa a kan wurin da zai ba da ganga dubu bakwai ko takwas a rana, alhali kuwa da waɗannan mutane da wannan kuɗi zai iya buɗe wurin da zai ba da dubu ɗari. Saboda haka irin waɗannan ƙananan wurare sukan faɗa hannun wanda ba shi da zaɓi: ko gwamnatin da ke neman kuɗin shiga ido rufe, ko ƙaramin kamfanin da ba ya iya karawa da manya a manyan wurare.

Abin da ya farfaɗo da maganar Seme shi ne tashin farashi. A 1973, bayan yaƙin Larabawa da Isra'ila, farashin mai ya ninka sau huɗu. A 1979, bayan juyin juya halin Iran, ya sake ninkawa, har ganga ta haura dola 30. Man da aka raina a 1968 sai ya zama abin kwaɗayi. A lokacin Mathieu Kérékou ne ke mulki tun daga 1972, ya ɗora ƙasar bisa tafarkin gurguzu a 1974, ya kuma sauya mata suna zuwa Benin a 1975.

Jari na aro

A 1979 gwamnatin Benin ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Saga Petroleum na ƙasar Norwai. Siffar wannan yarjejeniya ita ce tushen abin da ya biyo baya. Saga bai shigo da matsayin mai zuba jari da zai ci riba ko ya ɗauki asara ba. Ya shigo da matsayin ɗan kwangila, ya gina, ya gudanar, a biya shi ladansa. Man duka na gwamnati ne, haka nan bashin duka nata ne. Mafi yawan kuɗin aikin an ranto su daga Norwai, bisa lamunin hukumomin ƙasar masu tallafa wa kayan da ake sayarwa waje, kuma kaso mai yawa na kuɗin ya koma can wajen sayen kayan aiki da biyan ƙwararru.

Ga gwamnatin da ke tinƙaho da cewa arzikin ƙasa ba zai shiga hannun baƙi ba, tsarin yana da daɗin faɗa. Ɗan kasuwa kuwa zai gane shi da sauri: kamar mutum ne ya ci bashi ya sayi babbar mota, ya ɗauki direba da albashi tsayayye. In an samu lodi, riba tasa ce shi kaɗai. In hanya ta mutu, direba zai karɓi albashinsa, mai bashi zai zo ƙofar gida, motar kuma tana tsufa a gareji.

An kafa dandamalai na ƙarfe a cikin teku bisa bakin rijiyoyin, aka shimfiɗa bututu zuwa manyan tankunan ajiya a tudu, inda ake tara man har jirgin daƙo ya zo. An fara fitar da mai a ƙarshen 1982. A 1984 Bankin Duniya da Bankin Zuba Jari na Turai suka amince su ba da rance domin kashi na biyu na aikin, watau ƙarin rijiyoyi. A tsakiyar shekarun 1980 abin da ake samu ya kai ƙololuwarsa, wajen ganga 8,000 a rana. Bai sake wuce nan ba.

Lissafin ganga

Domin a gane abin da ke karya ƙaramin mai haƙa, sai a dubi yadda kuɗi ke fita a aikin teku. Rijiyar da ke kan tudu, in wani abu ya lalace, makaniki zai iya shiga mota ya je. A teku kuwa ko ƙusa ce sai jirgi ya kai ta. Ma'aikata da abincinsu da ruwan shansu da gazuwal na injuna, duka jirgin ruwa ko jirgi mai saukar ungulu ke kai su. Gishirin teku yana cin ƙarfe dare da rana, dole a riƙa kankare tsatsa ana shafa fenti ana sauya bututu. Duba ƙafafun dandamali a ƙarƙashin ruwa aikin ƙwararrun masu nutso ne da ake ɗaukowa daga waje. Ga inshora, ga masu gadi, ga kayan gyara da ake biya da dola.

Babbar matsalar ita ce waɗannan kuɗaɗe ba su raguwa don mai ya ragu. A ɗauki misali kawai don sauƙin lissafi: a ce ɗawainiyar wuri dola 60,000 ce kowace rana. In ana samun ganga 8,000, kowace ganga ta ɗauki dola 7 da rabi. In abin ya sauka zuwa 4,000, ta ɗauki dola 15. In ya kai 2,000, ta ɗauki dola 30, tun ba a yi maganar biyan bashi ba. Jirgin da ke kai abinci kuɗinsa ɗaya ne, ko rijiya na tumbatsa ko tana ɗiga.

Raguwa kuwa tilas ce. Mai ba ya kwance a ƙarƙashin ƙasa kamar tafki. Yana cikin ƙofofin dutse mai yashi, kamar ruwa cikin soso, kuma galibi akwai ruwan gishiri a ƙarƙashinsa yana turo shi sama. Da fari wannan turi alheri ne, domin shi ke koro man zuwa bakin rijiya. Amma yayin da ake ɗiba, ruwan yana hawowa yana maye gurbin man, har a kai lokacin da abin da famfo ke jawowa mafi yawansa ruwa ne. Kuɗin jawo ganga ta ruwa daidai yake da na jawo ganga ta mai. Daɗin daɗawa sai an raba su, an tsabtace ruwan kafin a zubar. Haka ya faru a Seme: shekara bayan shekara ruwa na ƙaruwa, mai na raguwa. In aka raba ganga miliyan 22 ɗin bisa kwanakin shekara 16, abin da ya fito bai kai ganga 4,000 a rana ba.

Sai kuma maganar lokacin shigar kuɗi. Ɗanyen mai ba a sayar da shi da kwalba. Sai an tara cikin jirgi. Wanda ke samun ganga 4,000 a rana, kafin ya tara lodin ganga 500,000 sai ya yi wata huɗu. Ke nan sau uku kawai zai ga kuɗi a shekara, alhali albashi da haya da kuɗin ruwa kowane wata suke zuwa. In ranar lodi ta faɗa makon da farashi ya faɗi, ba shi da ikon jira, domin tankuna sun cika, masu bashi kuma suna tsaye. Babban kamfani da ke lodi kowane mako yana haɗa mako mai kyau da maras kyau ya samu tsaka-tsaki. Ƙarami ba shi da wannan gata.

Bugu da ƙari, man Seme ya fi irin mai sauƙi na Najeriya kauri, irinsa kuwa ana sayensa ƙasa da farashin da ake ji a rediyo. Benin ba ta da matatar mai, don haka ɗanyen yana tafiya waje, esansi da gazuwal da kalanzir kuma sai an sayo su. Ɗan ƙasar bai taɓa zuba man Seme a babur ɗinsa ba. Abin da ya fi sani shi ne esansin sumogal daga Najeriya da ake sayarwa a kwalabe bakin hanya, wanda suke kira kpayo.

Shekarar da aka sauya doki a tsakiyar kogi

A watan Agusta na 1985 gwamnatin Kérékou ta soke yarjejeniyar Saga ba zato ba tsammani, ta miƙa aikin ga kamfanin Pan Ocean, wanda aka fi sani da Panoco, mai ofishi a ƙasar Suwis. Sabon kamfanin ya zo da manyan alkawura: zai ɗaga abin da ake fitarwa zuwa ganga 25,000 a rana, zai kuma zuba kuɗi a wasu manyan ayyuka, har da matatar mai. Ga gwamnatin da aljihunta ya fara bushewa, kuma take ganin ɗawainiyar Turawan Norwai ta yi tsada, maganar ta yi zaƙi.

Masu ba da rance ba su ga haka ba. Sun ba da kuɗinsu ne bisa sanin wanda ke riƙe da aikin, sai ga shi an sauya shi ba da shawararsu ba. Suka dakatar da sakin kuɗi. Alkawuran Panoco ba su cika ba, abin da ake fitarwa ya ja baya, kuma a 1986 aka raba gari da shi. Sai a 1988 kamfanin Ashland na Amurka ya karɓi ragamar gudanarwa. Shekarun da ya kamata a ce an haƙa sababbin rijiyoyi don cike gurbin waɗanda ruwa ke cinyewa, sun tafi wajen neman wanda zai riƙe aikin da lallashin masu bashi.

Tsautsayin bai zo shi kaɗai ba. A ƙarshen 1985 Saudiyya ta gaji da rage abin da take fitarwa don tallafar farashi, ta buɗe famfunanta. Gangar da ake sayarwa kusan dola 28 ta faɗo zuwa wajen dola 10 a tsakiyar 1986. A daidai wannan lokaci dolar kanta ta yi sanyi: a farkon 1985 ta kusa sefa 500, a ƙarshen 1986 ba ta kai 350 ba. Duka biyu suka haɗu a kan kuɗin shigar Seme, bashin da aka ci lokacin da ganga ta haura dola 30 kuwa yana nan yadda yake. Ƴan Nijar da suka ga yadda kuɗin yuraniyom ya cika baitulmali a ƙarshen shekarun 1970, sa'an nan ya janye a farkon 1980 ya bar bashi, ba su bukatar dogon bayani.

Ba mai kaɗai ya durƙusar da tattalin arzikin Benin ba. Kamfanonin gwamnati sun daɗe suna asara, bankunan gwamnati kuma suka rushe a 1988 da 1989, kuɗin masu ajiya suka maƙale. Sai dai man da aka sa ran zai toshe ɓarakar bai toshe ba. A 1989 malaman makaranta da sauran ma'aikata suka shiga yajin aiki saboda albashin watanni da ba a biya ba. A watan Disamba aka yi watsi da gurguzu. A watan Fabrairu na 1990 aka zauna babban taron ƙasa a Kwatano, wanda Nijar ta yi irinsa a 1991.

Rufewa, da abin da aka bari

Rijiyoyin sun ci gaba da jan ƙafa cikin shekarun 1990, aikin yana sauya hannu. Karya darajar sefa da aka yi a watan Janairu na 1994 ya ninka kuɗin kowace ganga in an juya shi zuwa sefa, amma ya ninka kuɗin kayan gyara da na ƙwararru da na bashi, tun da su ma da kuɗin waje ake biya. A 1997 tattalin arzikin ƙasashen gabashin Asiya ya shiga rikici, bukatar mai ta ragu, har a ƙarshen 1998 ganga ta sake komawa wajen dola 10. A wannan shekara aka dakatar da aikin Seme. Man bai ƙare a ƙasa ba. Abin da ake kashewa wajen fitar da ganga ne ya wuce abin da gangar ke kawowa.

Rufe rijiyar teku ma kuɗi ne, kuma mai yawa. Ƙa'idar aikin ita ce a toshe kowace rijiya da siminti, a yanke dandamalin a kai shi tudu. Kamfani mai tsari yana ware wani abu daga kowace ganga tun ranar farko domin wannan rana. Ƙaramin mai haƙa da ke fama da albashin wata yakan ɗage wannan tanadi, har ranar ta zo aljihu babu kome. Dandamalan Seme sun yi shekaru a tsaye cikin teku suna tsatsa, abin fargaba ga masunta da jiragen ruwa da mazauna gaɓa, nauyinsu kuma ya rage a wuyan gwamnati.

Masu komowa

Farashi ya sake tashi, Seme ta sake samun masu nema. A 2004 kamfanin SAPETRO na Janar Theophilus Danjuma, tsohon hafsan sojojin ƙasa kuma tsohon ministan tsaron Najeriya, ya karɓi izinin wurin. Ba kamfani ne maras ƙarfi ba: a 2006 ya sayar wa kamfanin CNOOC na ƙasar Sin kaso 45 cikin ɗari na wani babban wurin mai a tekun Najeriya kan kuɗi fiye da dola miliyar 2. A tsakanin nan wata sabuwar ɗawainiya ta ɓullo a tekun Benin. A 2011 ƴan fashin teku suka matsa wa jiragen daƙon mai lamba a gaban Kwatano, har kamfanonin inshora na Landan suka sa ruwan ƙasar cikin jerin wurare masu haɗari, Benin da Najeriya kuma suka fara sintirin haɗin gwiwa.

SAPETRO ya yi haƙarsa a 2014 da 2015, ya gamu da matsaloli a rijiyoyin, kuma a daidai lokacin farashi ya sake rushewa: daga sama da dola 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da 30 a watan Janairu na 2016. Bai kai ga farfaɗo da wurin ba, ya janye.

A watan Disamba na 2023 gwamnatin Patrice Talon ta sa hannu da kamfanin Akrake Petroleum, reshen rukunin Rex International mai rajista a kasuwar hannun jari ta Singafo. Akrake ya ɗauki kaso 76 cikin ɗari, gwamnati 15, wani kamfanin cikin gida mai suna Octogone 9. Wannan karon tsarin ya bambanta da na 1979. Yarjejeniyar raba amfani ce: kamfani ke neman kuɗi ya yi aiki, in mai ya fito ya fara cire abin da ya kashe daga wani kaso nasa, sauran a raba. In bai fito ba, asarar tasa ce. Gwamnati ta sauke haɗarin daga kanta, ladan hakan kuwa shi ne rabonta ba zai yi kauri ba sai bayan kamfani ya mayar da kuɗinsa.

Dabarar aiki ma ta sauya. Maimakon a gina dandamali na dindindin da tankuna a tudu, ƙananan kamfanoni na wannan zamani sukan yi hayar dandamali mai ƙafafu da ake iya ɗagawa a kai shi wani wuri, da jirgin da zai tsaya kusa ya zama rumbun ajiya. Rijiyar kuma ana lanƙwasa ta ta bi cikin dutsen mai a kwance, nesa da ruwan da ke ƙasa, don a jinkirta hawowarsa. Wannan yana rage kuɗin da ake zubawa da fari. Amma kayan haya ba su san hutu ba. Injin haƙa irin na ruwa maras zurfi, a shekarun 2023 zuwa 2025, hayarsa ta wuce dola 100,000 a rana. Jinkirin wata guda ke nan ya ci dola miliyan 3, fiye da sefa miliyar ɗaya da rabi, a kan injin kaɗai.

Neman kuɗin ma ya fi na da wuya. Bankin Duniya ya sanar a 2017 cewa bayan 2019 zai daina ba da rancen haƙar mai, Bankin Zuba Jari na Turai kuma ya yanke irin wannan shawara a 2019, duka saboda batun ɗumamar yanayi. Watau bankunan nan biyu da suka tallafi Seme a 1984 sun rufe wannan ƙofa. Abin da ya rage wa ƙaramin kamfani shi ne ya sayar da takardun bashi masu kuɗin ruwa mai nauyi, ko ya karɓi kuɗi hannun dillalan mai bisa alkawarin lodin da bai fito ba tukuna. Wani ɓangare na kuɗin sabon aikin Seme daga takardun bashi ya fito, waɗanda aka sayar a kasuwar kuɗi ta Norwai, ƙasar da ta ba da rancen farko shekaru fiye da 40 da suka wuce.

An fara haƙa a watan Agusta na 2025, da burin a fara fitar da mai kafin ƙarshen shekarar, wajen ganga 15,000 a rana. Kafin shekarar ta ƙare kamfanin ya sanar da cewa ya gamu da wani shimfiɗin dutse mai rugujewa a saman inda man yake, wanda ya riƙa riƙe bututun haƙa har sai an sake tono, don haka lokacin da aka ɗiba ya wuce. Ga kamfanin da ke da rijiya ɗari, rijiya ɗaya mai gardama layi ɗaya ce a rahoton shekara. Ga wanda dukan lissafinsa ya rataya a kan rijiya biyu ko uku, ita ce ke yanke ko zai iya biyan masu bashi a kan lokaci.

Abin da ya shafi Nijar

Agadem ba Seme ba ce. Man Nijar a kan tudu yake, ya fi yawa nesa ba kusa ba, kamfanin CNPC da ke riƙe da shi kuma yana cikin manyan duniya. An gina bututun ne don ɗaukar ganga 90,000 a rana, ban da 20,000 da aka tsara wa matatar SORAZ ta Damagaram tun buɗe ta a 2011. In bututun yana aiki cike, cikin wata takwas zai kai abin da Seme ta bayar a shekara 16.

Duk da haka akwai wuraren da labaran biyu suka yi kama. Farashin da ake sayar da man ba a Yamai ake yanka shi ba, kamar yadda ba a Kwatano aka yanka na 1986 ba. Tsayawar aiki tana cin kuɗi ko da man yana nan: a watan Mayu na 2024 saɓanin rufe iyaka ya sa Benin ta hana lodi na ɗan lokaci, a watan Yuni aka fasa bututun a cikin Nijar, kuma sai a watan Agusta lodi ya koma. Sa'an nan ga cin bashi a kan man da bai fito ba: a watan Afrilu na 2024 gwamnatin Nijar ta karɓi dola miliyan 400 daga CNPC, da kuɗin ruwa 7 cikin ɗari, a biya da mai cikin wata 12.

Don haka duk lokacin da aka ji sanarwar ganga kaza a rana, ko a teku ko a tudu, ma'aikacin da ke jiran albashi da ɗan kasuwar da ke jiran gwamnati ta biya shi kuɗin kwangila suna da dalilin yin tambayoyin da ba a yi ba a Kwatano a 1979 da 1985. Nawa ake kashewa kafin ganga ɗaya ta isa jirgi? Wa ya ba da jarin, kuma da wane kuɗin ruwa? In lodi ya tafi, wa ake fara biya? In farashi ya faɗo rabi, kamar yadda ya yi a 1986 da 1998 da 2015, wa zai ɗauki asarar? Ranar da rijiya ta daina biyan kanta kuma, an ajiye kuɗin toshe ta, ko za a bar wa ƴan baya? Amsoshin waɗannan suna cikin takardun yarjejeniya da littattafan baitulmali, kuma daga cikinsu ne ake sanin abin da zai rage wa ƙasa bayan jirgi ya ɗaga.